Kaset ɗin Inna

Akwai abin da na yi wa mahaifiyata wanda ban taɓa ba ta haƙuri a kansa ba, yanzu kuwa ƙasa ta rufe idonta.

A Tambuwal aka yanke mini cibi, kuma na tashi cikin samarin da ke ganin waƙa ta maza ce. Narambaɗa, Ɗanƙwairo, Sa'idu Faru, Sani Aliyu Ɗandawo, sai Shata. Bayan sallar isha'i mukan zauna a dakalin ƙofar gida muna warware baitoci, muna gardama kan wa aka yi wa zambo da wa aka yi wa habaici. Abin da ke fitowa daga cikin gida kuwa, kiɗan ƙwarya da guɗa da waƙar daka, ba ma lissafa shi cikin waƙa. Hayaniyar mata muke ce masa.

Inna tana sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Kaset ɗaya tak take da shi a duniya, na Barmani Choge, wanda wata ƙanwarta ta yo mata tsaraba daga kasuwar Jega. Ranar da za ta yi matsar mai, sai ta aiko a karɓi rikodata, ta ɗora a kan turmin da ta kifa, ta sa kaset ɗin. In batir ya yi sanyi, ni take sa wa in juya mata zaren da biro. Ina yi ina tsaki a ciki.

Wani dare aka yi sanarwa a gidan rediyon Rima cewa za a sa waƙoƙin Ɗanƙwairo. Na laluba, ba ni da kaset ɗin da ba kome a kansa. Na shiga ɗakin Inna na ɗauko nata a ƙarƙashin fanteka. Duk wanda ya yi zamanin kaset ya san 'yan kunnuwan nan biyu da ake ɓallewa don kada a yi ɗauka a kansa. Nata a ɓalle suke. Na yagi takarda, na dunƙule, na toshe ramukan, sannan na danna jan maɓalli. Na faɗi wannan ne don kada wani ya yi mini uzurin kuskure. Da gangan na yi, da natsuwata.

Da ranar aikinta ta zagayo, ta sa kaset, sai kotso ya tashi. Ta tsaya cak, hannunta jiƙe da mai. Ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana.

"Kai wanga yaro, kai kash shahe min shi?"

"Inna, ai waƙa ta gaske na sa miki."

Ta dube ni, ta ce, "To, madalla." Ta kashe rikodar, ta ci gaba da murza tunkuza. Ba ta kai ƙarata wurin Baba ba, ba ta kuma sake aikowa a karɓi rikoda ba.

Shekaru na yi ina ɗaukar abin a matsayin ƙuruciya, irin ta ɗan da ya ci naman miya. Sai daga baya na gane ba kaset ɗin ne babban laifin ba, amsar da na ba ta ce. Na gaya wa uwar da ta haife ni cewa abin da ke faranta mata rai ba na gaske ba ne, kuma na faɗa da yaƙini, don ban taɓa zama na saurari ko baiti ɗaya nasa ba.

Aikin koyarwa ya kai ni Kebbe. Zamani ya juya, kaset ya tafi, waya ta zo. Kowane ƙarshen wata nakan miƙa memori ga mai tura waƙoƙi a bakin tasha ya cika mini. A lokacin na riga na faɗa waƙoƙin fim: Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef, Ali Jita. Duk da haka in hira ta biyo, sai in ce ni ba na jin waƙar mata.

Wata Juma'a ina dawowa Tambuwal da ɗiyata a mota, kunne ɗaya na iyafis a wurina, ɗaya a wurinta. Wata waƙa ce da na fi shekara goma ina ji, na haddace ta tsaf. Da macen ta karɓi baiti, sai yarinyar ta taɓa ni.

"Baba, matar ga mi as sunanta?"

Na buɗe baki, ba amsa. Na duba fuskar waya, sunan namijin kaɗai ne a rubuce. Rabin waƙar muryarta ce, kuma wurin da take shigowa shi ne wurin da kullum nake maimaitawa. Yarinyar ta fara lissafa mini da yatsu waɗanda ta sani: Fati Nijar, Maryam A. Baba, Maryam Fantimoti, Zuwaira Isma'il, Murja Baba, Hairat Abdullahi. Har muka sauka ban ƙara cewa uffan ba. Ashe duk shekarun nan muryoyin mata ne ke raka ni hanya, ina shan daɗinsu ina hana su suna.

Da na koma Kebbe, na sa aka tura mini duk abin da aka samu na Barmani. Ita ta rasu tun 2013, Inna ta bi bayanta ba da jimawa ba. Da dare na kashe fitila na saurara. Na ji yadda ƙoren ke amsa wa juna, ƙarama na tsalle, babba na riƙe gindin kiɗa, 'yan amshi na jiran jagora ba sa wuce ta. Sai aka zo waƙar da take kiran mata su tashi su nemi na kansu. Wallahi ƙamshin soyayyar gyaɗa na ji a hancina. Nan na tuna abin da na daɗe da sani ban taɓa haɗa shi da wannan ba: rikodar da na shafe kaset ɗin da ita, Inna ce ta saya mini da kwasar adashinta, ranar da na ci jarrabawa. Kuɗin ƙuli ne. Waƙar da ke ƙarfafa mata hannu wajen nemo kuɗin ita na goge da abin da kuɗin ya saya. Na yi kuka a daren nan irin wanda ban yi ba ranar jana'izarta.

Tun daga lokacin na canza yadda nake saurare. In mace ta fitar da kundi, nakan bi shi daga farko har ƙarshe kafin in buɗe baki.

Wanda ya fi kama ni shi ne Timbuktu na Oumou Sangaré ta Mali, na 2022, wanda ta fara haɗawa a Baltimore lokacin da kullen korona ya rutsa da ita a Amurka. Ba na jin yarenta, amma muryar babbar mace ce da ba ta roƙon a saurare ta. Sai Les Filles de Illighadad, 'yan matan Buzaye daga yankin Tawa, maƙwabtanmu. A kundinsu Eghass Malan na 2017 akwai jita, amma tushen kiɗansu tende ne, turmi da aka rufe da fata, ga kuma ƙwarya kife a ruwa. Turmi da ƙwarya, kayan tsakar gidanmu, su suka kai su har Turai da Amurka.

Ɗiyata ce ta sa ni jin na 'yan kudu. Born in the Wild na Tems, na 2024, a ganina ya yi tsawo, tsakiyarsa na sa hankalina ya tafi wani wuri, ko da yake muryarta ba ta da na biyu. Na Ayra Starr, The Year I Turned 21, ya fi zauna mini: ta buɗe shi da kirari irin na Yarbawa, wajen ƙarshe kuma ta sa muryoyin 'yan gidansu suna tuna mahaifinsu da ya rasu. Abin da ke ci mini rai shi ne namu na gida. Mawaƙanmu mata da yawa sai ka tsinto su ɗaya-ɗaya a cikin waƙoƙin wasu. Yanzu in an tura mini waƙa, nakan tambayi sunan macen in rubuta da hannuna.

Bara muka buɗe tsohon adudun Inna. Kaset ɗin na ciki, naɗe a ƙyalle, takardun da na cusa suna nan a ramukansu. Na aro rikoda a wurin wani mai gyaran rediyo. Ɗanƙwairo ya yi ta yi har shirin ya ƙare, aka ji ƙarar maɓalli, sai ga ƙwarya ta ɓullo. Ashe shirin bai cinye zaren ba, saura kamar minti biyu na Barmani a ƙarshe.

Ƙanwar Inna na zaune a gefe. Ta ce, "Nan ne take sawa. In kun tafi makaranta sai ta shiga maƙwabta ta ari rikoda, ta ji ɗan wurin ga, ta mai da shi baya da tsinke, ta sake ji."