Kiran da ya shigo bayan shiri



Ran 1 ga Disamba, ranar yaƙi da SIDA ta duniya, mun yi shiri kan awon jini. Muna rufe shirin sai ga kiran wani saurayi, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce: "Ni ɗan daudu ne. Sau guda na tafi likita, ina buɗe baki suka kwashe da dariya. Ban sake komawa ba."

Wallahi da maganar nan muka kwana. Binciken ƙasa na 2012 ya ce kashi 0,4 cikin ɗari na manya ke ɗauke da cutar a Nijar. To amma wanda kunya ta tsare a ɗaki, wa zai auna shi? Maganin ARV kyauta ne, kuma mai shan sa kullum yana iya kaiwa inda ba ya shafa wa abokin kwana. Wasu irin saurayin nan suna da mata a gida. In aka kore su, har iyalinsu aka kora.

Roƙonmu ga jami'o'in Abdou Moumouni da Dan Dicko Dankoulodo: ku koya wa lokotoro da masu binciken gobe riƙon sirri, da tambaya ba wulaƙanci.

Kai kuma ɗan'uwa, daure ka koma awo. Allah ya ba da lafiya.