Daren da Keshi Ya Sa Muka Daina Raina Na Gida

Ba mu wuce shekara tara ba a daren Lahadi, 10 ga Fabrairu, 2013. Sanyin hunturu ya sauko garin Miga, amma gidan kallo ya cika maƙil. Mu yara da ba mu da kuɗin shiga muka maƙale a bayan zana muna leƙe, ƙarar janareta na cika mana kunne. Najeriya ce da Burkina Faso a wasan ƙarshe na Gasar Cin Kofin Nahiyar Afirka, a birnin Johannesburg.

A minti na 40 Sunday Mba ya ɗaga ƙwallo sama ya ɗirka ta a raga. Aka yi ta tsalle har benci ya karye. Ci ɗaya mai ban haushi, kuma da shi kofi ya dawo gida bayan shekara 19.

Sai da muka girma muka gane abin da koci Stephen Keshi ya yi. Ya bar fitattu irin su Osaze Odemwingie, ya tafi da 'yan wasa shida masu buga gasar cikin gida. Aka yi masa ca a rediyo da majalisu. Mba yana cikin shidan nan, kuma shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Ivory Coast ta su Drogba. Da aka lallasa Mali 4 da 1, Ahmed Musa, tsohon ɗan Kano Pillars, ya zura guda. Keshi, kyaftin ɗin da ya ɗaga kofin a 1994, ya zama mutum na biyu da ya ci shi yana ɗan wasa kuma yana koci, bayan Mahmoud El-Gohary na Masar.

Wannan labari ya fi taɓa mu yanzu da muke jami'a. A shekarar farko, idan aka tambaye mu garinmu, wasunmu sukan ce Haɗeja ko Dutse, don gudun a ce ƙauyawa ne. Muka riƙa noƙewa a aji ko da mun san amsa. Alhali mu ne muka tashi muna dashen shinkafa a fadama, muka san yadda kogi ke tumbatsa ya cinye gona, muka kuma ga iyayenmu sun sake shuka bayan ruwa ya janye.

Filin ƙwallonmu ma duk damina ruwa ke shanye shi. Da kaka ƙannenmu su share, su kafa sanda biyu, su ci gaba da bugawa ba takalmi. A cikinsu akwai masu ƙafa, akwai kuma masu kai a lissafi, sai dai ba mai zuwa dubawa.

Keshi ya rasu a watan Yunin 2016. Mu ba masu zaɓen 'yan Super Eagles ba ne, amma hutun nan mun yi shawarar komawa gida mu haɗa wa ƙannenmu gasa, mu kuma koya musu darasin JAMB da yamma. In an tambaye mu garinmu kuwa, Miga za mu ce.