Mawaƙin da Ba Shi da Ubangida

Mu da muka tashi a Dosara, ba wanda zai yi mana gorin waƙa. Wannan yanki namu na Maradun da Bakura da Talata Mafara shi ya haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, shi ya kuma haifi Sa'idu Faru. Tun muna ƙanana mun san amon kotso, mun san yadda 'yan amshi ke karɓa wa uban kiɗi ba tuntuɓe. To, amma yau zancen wani talaka muka kawo wa mai karatu, ɗan kama ne, wanda ko sunansa ba mu riƙe ba. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya ke nan.

Ranar Talata, idan an tafi da mu cin kasuwar Mafara, can wajen masu tuwo da fura muke iske shi, da rigarsa duk faci, da rawanin tsumma, ga 'yar ganga a rataye. Yaransa biyu ne, amshinsu kuwa bai taɓa daidaita ba, kullum sai wani ya riga wani. Sai ya gyara tsayuwa kamar zai wasa sarki, ya ɗauko karin wata waƙar fada da kowa ya sani, ya juye ta kan tuwon dawa da miyar kuka. Inda makaɗin fada zai lissafa dawaki da barade, shi malmala yake lissafawa. Inda za a yi wa magabcin sarki zambo, shi mai tuwon da ta rage masa miya yake yi wa. Ba ya gaggawa, ba ya ta da jijiyar wuya. In baiti ya ɓace masa sai ya tsaya ya tambayi 'yan kallo, a bushe da dariya, sannan ya ci gaba.

Wata rana muka koma gida muna rera abin da muka ji. Kawunmu ya daka mana tsawa ya ce, "Kai yara! Ina kunka samo wanga shashanci? Wagga ai ba waƙa ba ce, yunwa ce." Muka yi tsit, kuma da wannan hukunci muka girma. Da muka fara riƙe alƙalami, mawaƙan fada muka yi ta nazari, ɗan kama bai sami ko layi ɗaya ba.

Kwanan baya wani ɗanmu mai karatu a Sakkwato ya kunna mana wani kiɗan Turawa a waya, wai shi pank. Molo na ƙara, murya ba ta da zaƙi, mawaƙin kamar bai damu ba. Da muka bincika sai muka tarar samari ne da suka gaji da manyan mawaƙa masu tsada, suka ce ko ba ka ƙware ba ɗauki molo ka fara. Ƙungiyar Ramones ta kafu a New York a 1974, faifanta na farko na 1976 yana da waƙoƙi 14 cikin ƙasa da minti 30, cike da raha. Su kuwa Buzzcocks na Manchester a Ingila, a Janairun 1977 ba su jira wani kamfani ba, sai suka ranto kuɗi wurin dangi da abokai suka fitar da faifansu da kansu. Kiɗansu ya fi na mutuminmu sauri da hayaniya nesa ba kusa ba, amma halin ɗaya ne: ba ubangida, ba tsoron kuskure.

Nan muka gane kawunmu ya faɗi gaskiya bai sani ba. Lallai yunwa ce. Makaɗin fada, duk da gwanintarsa, yana auna fuskar ubangidansa kafin ya buɗe baki. Ɗan kama kuwa shi ke iya tsayawa tsakiyar kasuwa ya ambaci abin da ke damun kowa, wato ciki, a ƙasar da ta ga farin 1973 da na 1984, har ya sa mai jin yunwa ya dara. Wannan ba ƙaramar fasaha ba ce. Tun 1967 wani Bature, C. G. B. Gidley, ya yi rubutu kan kamanci, alhali mu 'yan gida muna jin kunyarsa.

Kuma ai mu marubuta mun fi kowa sanin ɗacin raini. Da marubutan Kano irin su Ado Ahmad Gidan Dabino suka riƙa buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, an kira abin adabin kasuwa. Sunan ƙungiyarsu, Raina Kama, shi ne amsarsu.

Dandalin ɗan kama kasuwa ce, ita kuwa ta sha wuya, domin a 2021 sai da aka rufe kasuwannin mako-mako na Zamfara na wani lokaci saboda 'yan bindiga. Waƙoƙin Ɗanƙwairo suna nan a faifai, na mutuminmu sun bi iska. Saboda haka, 'yan'uwa marubuta, duk wanda Allah ya haɗa shi da ɗan kama, ya ciro waya ya naɗi muryarsa da izininsa, ya sallame shi da abin kirki, kuma kada ya manta ya tambayi sunansa.