Neman umarnin dakatar da ciniki ba yanke zumunci ba ne



A nan Gombe, da zarar an ji 'ya'ya sun kai baffansu kotu, sai a ce sun yanke zumunci. Mun sha jin wannan magana, shi ya sa muka ga ya dace mu bayyana abin da muka je nema, ko wani zai amfana.

Marigayi mahaifinmu da ƙanensa sun daɗe suna kasuwancin hatsi tare a Tudun Hatsi. Da ribar suka sayi fili a Jekadafari, suka gina shaguna da sito, suka rubuta yarjejeniya gaban shaidu cewa babu mai sayarwa sai da yardar ɗan'uwansa ko magadansa. Takardar mallaka kuwa da sunan Baffa ta fito. Bayan rasuwar mahaifinmu sai muka ji an karɓi kafin alƙalami, mai saye kuma yana shirin rushe shagunan. Dattawa sun zauna har sau biyu, ba a daidaita ba.

Lauyanmu ya ce wannan ba maganar rabon gado ba ce da za a kai kotun Musulunci. Magana ce ta yarjejeniya da filin cikin gari mai takardar gwamna, wadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta bai wa Babbar Kotun Jiha hurumin sauraro. Ya ce shari'ar fili tana iya ɗaukar shekaru, don haka sai mu roƙi umarnin wucin gadi cewa kowa ya tsaya inda yake har a yanke hukunci.

Ba a bayar da wannan umarni don kawai mutum ya kai kuka. Sai ka nuna a takardar rantsuwa cewa kana da haƙƙi a kan abin, akwai magana mai nauyi da za a saurara, kuma kuɗi ba zai maye asarar ba idan aka bari ta auku. Alƙali zai auna wa zai fi cutuwa. Za ka kuma yi alƙawarin biyan diyya idan ta bayyana ba ka da gaskiya. Jinkiri yana kashe roƙon, domin kotu ba ta hana abin da aka riga aka gama.

Ana iya nemansa ba da sanin ɗaya ɓangaren ba, amma tun a shari'ar Kotoye da Babban Bankin Najeriya a 1989 Kotun Ƙoli ta ce sai da gaggawa ta haƙiƙa. Mu muka zaɓi a kai wa Baffa takarda, ya zo a ji ta bakinsa. Ƙanen uba uba ne, ba ma so a yi masa shigo-shigo ba zurfi.

Kotu ta ba da umarnin. Bai ce mun yi nasara ba, kuma mu ma ya ɗaure mu: babu sayarwa, babu rushewa, wanda ya saɓa ya raina kotu. Amma shagunan suna nan tsaye, 'yan haya suna sana'arsu, dattawa sun sake samun abin da za su yi sulhu a kansa. Da an rushe, me za a raba?

Mai irin wannan matsala ya adana takardunsa, ya ga lauya da wuri, kada kuma ya daina gaida manyansa. Allah Ya daidaita tsakaninmu, amin.