Rigimar da littafin Belle Burden ya tayar a guruf ɗinmu

Wannan rubutun zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri, amma maganar ta tsaya min a rai.

Ga waɗanda ba su bi zancen ba: Belle Burden lauya ce 'yar Amurka, 'yar gidan masu kuɗi tun kaka da kakanni. A watan Maris na 2020, ana tsakiyar kullen korona, wani mutum ya bar mata saƙon murya cewa mijinta yana neman matarsa. Bayan shekara ashirin da aure da 'ya'ya uku, mijin ya tattara ya tafi. Ta fara ba da labarin a jaridar New York Times a 2023, daga baya ta faɗaɗa shi ya zama littafi mai suna Strangers.

Tun da wata ta turo labarin guruf ɗinmu na 'yan Arewa da ke karatu a nan Ibadan, aka rabu gida uku. Yawancin mata suka ce mugu ne kawai. Maza suka ce ai in ɓera da sata, daddawa ma da wari, wa ya san abin da ya haɗiye shekara ashirin? Wasu kuma suka ce masu kuɗi ne, su ƙarata can, mu da ke lissafin kuɗin hanya zuwa Kano me ya dame mu?

Ni dai ga nawa ra'ayin. Gaskiya ne murya ɗaya muka ji, tata. Ko a aji an koya mana ba a yanke hukunci sai an ji ɓangare biyu. Amma fa rashin jin ɓangarensa bai ba mu damar ƙirƙiro mata laifi ba. Mutum zai iya gajiya da aure, addini ma ya halatta rabuwa, amma ya ce a rabu da kyautatawa. Cin amana ba ya cikin kyautatawa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar dukiya. Sun sa hannu a yarjejeniya kafin aure cewa abin da kowa ya samu da sunansa nasa ne. Ita ta ajiye aikinta ta rungumi tarbiyyar yara, ta zuba kuɗin gadonta a gidajen da aka rubuta da sunansu su biyu, shi kuma yana tara nasa. Lauya ce fa, amma soyayya ta sa ta daina duba takarda.

Wannan kam ba sai an je Amurka ba. Gwaggona ta yi shekara goma sha biyar tana ɗinki, duk ribar da adashinta suka tafi a fili da gini da sunan mijinta. Ranar da takarda ta fito, da akwatin kayanta da keken ɗinkinta ta koma gidan kakanmu. Ba shaida, ba rubutu. Alhali a Musulunci sadakin mace nata ne, abin da ta samu da guminta ma nata ne, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take magana.

Da yawanmu ana gama bautar ƙasa sai maganar aure. Wallahi na san 'yan mata a nan makaranta da katin bankinsu yake hannun saurayi tun yanzu, wai alamar yarda ce. 'Yar uwa, ki so mutum iya so, amma in kin sa kuɗi a fili, sunanki ya shiga takarda. Ɗan uwa, in da gaske kake sonta, kai ne ma za ka ce a rubuta.

Allah Ya haɗa mu da masu tsoronSa. Maza, ku zo ku kare kanku a ƙasa, ina jira.