Makarantar Tabarma A Tsakar Gidanmu

 Yau ku yi haƙuri na ajiye labarin soyayya a gefe, wata magana ce ta daɗe tana cina. Duk sanda aka yi dogon hutu sai ki ji iyaye suna kukan yara sun manta karatu, maganin da aka sani kuwa shi ne lesin. To wanda ba shi da kuɗin lesin fa? A garinmu Kutama ta ƙasar Gwarzo, da ƙauyukan Kabo maƙwabtanmu, yarinyar da ta daɗe zaune a gida abu biyu ne ke jiranta, farantin talla ko zancen miji.

Mun ga haka ƙuru-ƙuru a 2020, lokacin da cutar korona ta sa aka rufe makarantu tun watan Maris, ba a buɗe wa yawancin yara ba sai Oktoba. Ƙanwata tana aji biyar na firamare, ga ta da kai, amma ba a yi wata biyu ba Gwaggo ta fara cewa tunda boko ya mutu a ɗora mata gyaɗa. Ana darasi a rediyo, sai dai ke ma kin sani, yaro ba ya zama don murya kawai, yana son abin da zai gani ya taɓa.

Abin da Allah Ya taimake mu da shi wani littafin hotuna ne na yara da Yaya ya taɓa tsintowa cikin gwanjon littattafai a Kano, bangonsa har ya fara cinyewa. Da Turanci mai sauƙi aka rubuta shi, yana nuna yadda yaran ƙasar Japan ke rayuwa. Mu dai iyakar saninmu da Japan shi ne babur Honda da Suzuki da motar Toyota. Na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, na tara ƙanwata da autanmu da 'ya'yan maƙwabta huɗu, muka ce kullum shafi ɗaya, kuma duk abin da muka gani a shafin sai mun yi shi da hannunmu.

Gwaggo ta leƙo ta ga hoton wata jar ƙofa ta wurin bautarsu, ta ce, "Ke yanzu littafin masu gumaka za ki koya wa 'ya'yan mutane?" Magana ta kai gaban Baba. Ya juya shafukan ɗaya bayan ɗaya, ya ce a yi, amma sai an taso daga makarantar allo. Ni kuma da muka iso shafin ban ɓoye shi ba, na faɗa musu addinan mutanen ke nan, Shinto da na Buda, mu kuma Allah Ya yi mu Musulmi, muka wuce. A ganina ɓoyewar ce ke sa yaro ya koma ya leƙa a sace.

Shafin farko cire takalmi ne a bakin ƙofa, yara suka ce ai mu ma haka muke yi. Na share aji da ɗalibai ke yi ma dariya suka yi, wa ya kai mu shara? Lissafi ya fi jan su, domin a rubutunsu ɗaya layi ɗaya ne a kwance, biyu layi biyu, uku layi uku. Auta da ko biro bai iya riƙewa ba ya zana su a ƙasa da yatsa, ya wuni yana faɗin shi ya iya Japananci. Ranar cin abinci da tsinke kuwa, wayyo cikina! Muka fere tsinken tsire bibbiyu aka zuba shinkafa da wake, wake yana tsalle kaji suna biki. Tasu shinkafar mai danƙo ce, shi ya sa take kamuwa. Inna ta ce in muka sake wasa da abinci makarantar ta tashi.

Naɗin takarda da suke kira origami ya ci mana mako guda. Tsofaffin littattafan rubutu muka yanka murabba'i, a nan ƙanwata ta gane rabi da kwata da kusurwa, abin da allon aji ya kasa shigar mata. Da muka kai ga naɗa gauraka sai Yaya ya ba mu labarin Sadako Sasaki, wadda tana 'yar shekara 2 Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a garinsu Hiroshima ranar 6 ga Agusta, 1945. Daga baya sankarar jini ta kama ta, tana kwance a asibiti tana naɗa gauraki na takarda, don a al'adarsu wai wanda ya naɗa 1,000 zai samu biyan buƙata. Ta rasu a 1955 tana da shekara 12. Allah sarki, ranar ba wanda ya yi surutu a tabarmar nan.

Shafin da ya juyo mana da Gwaggo shi ne na rini. Hoton wata tsohuwa ce ta ɗaure ƙyalle da zare tana tsoma shi a ruwan baba. Gwaggo ta karɓi littafin ta kawo shi kusa da ido, ta ce, "Wannan ai aikin karofi ne!" Sai ga ta zaune tana ba yara labarin marinar Ƙofar Mata da ta Kura, da yadda ake haɗa baba da toka, da turkuɗin da Buzaye ke saye. Washegari da kanta ta yago tsohon farin zane, ta koya musu ɗaure tsakuwa a ciki, muka rina da shuɗin wanki. Kin ga ikon Allah, sai da aka biyo ta Japan kafin yaran Kutama su ji labarin sana'ar kakanninsu.

Amma ni marubuciya, abin da ya sace zuciyata shi ne kamishibai, wato wasan kwaikwayon takarda. A shekarun 1930 mutum zai ɗaura akwatin katako a bayan keke ya bi unguwa-unguwa, ya sayar wa yara alewa, sannan ya dinga zaro hotuna ɗaya bayan ɗaya yana ba da labari da muryoyi iri-iri. In labari ya kai inda ya fi daɗi sai ya rufe akwati, sai gobe. Da na karanta haka na yi dariya ni kaɗai, ashe ba mu muka fara yanke labari a tsakiya mu ce a tara a littafi na biyu ba. Zuwan talabijin a shekarun 1950 ne ya karya musu kasuwa.

Muka samo kwalin taliya muka huda masa taga. Na raba aiki, kowa ya je wurin Kaka ya karɓo tatsuniya, mai zane ya zana a gaba da gawayi da jan biro, ƙanwata ta rubuta maganar a bayan kowane hoto, domin haka su ma suke yi, mai labari yana karanta baya 'yan kallo suna ganin gaba. Gizo da Ƙoƙi muka fara yi, hoto goma sha biyu. A nan ne karatu na gaskiya ya shigo, don in ta rubuta ba daidai ba ita za ta yi tuntuɓe a gaban mutane. Sau uku take sake shafi ba wanda ya sa ta. Daren farko matan gida uku suka shigo kallo da fitila, ta tsaya daidai inda Gizo ya shiga hannu ta ce sai gobe, har da masu roƙonta.

Zancen talla bai sake tasowa ba, Gwaggo ma cewa take kada a aiki yarinyar nan tana rubutu. Da aka koma makaranta ƙanwata ta ƙarasa firamare ta wuce sakandare, kwalin kuma ya koma hannun auta.

In kina son gwadawa a hutun nan, duba cikin akwatin yayanki ko ki roƙi malamarku aron littafi mai hoto, na kowace ƙasa ne. Ki karanta shafin ke kaɗai da dare tukuna, ki nemi izinin Baba, kada zaman ya wuce awa ɗaya, almakashi kuma ya zauna a hannunki.