Fiyano da Ido

A Kazaure, yaron da ke son koyon fiyano ba takarda yake nema ba. Gefen mai kiɗa yake tsayawa a gidan biki, ya ƙura wa yatsunsa ido. Ni ma ta nan na bi, da wata tsohuwar Yamaha ta aro mai maɓallai 61.

Abin da ido ya fara kama mini shi ne jerin baƙaƙen maɓallan: biyu, uku, biyu, uku, har ƙarshe. Da na gane haka sai tsoro ya tafi. Baƙaƙen nan biyar kuwa, in ka bi su a jere, sautin gida suke bayarwa, domin yawancin waƙoƙinmu a kan sauti biyar suke tafiya. Kana ta lalube bayan la'asar, da ɗan yatsa ɗaya, sai ka ji karin waƙar da ka sani tun ƙuruciya ya fito.

Ba baƙon abu ba ne. Haka ɗan makaɗi ke koyon kalangu a bayan ubansa, kuma tun zamanin fim ɗin Sangaya a 1999 da kunne akasarin makaɗan situdiyon Kano ke aiki.

Sai dai hannun hagu ba ya koyuwa da kallo kawai. Na'urar ce ke riƙe maka ganga, kai kuwa ka ɗauka ka iya. Kai mai shirin farawa a Roni ko Gwiwa ko Babura, kashe kiɗan da ke cikinta, ka bar hagu ya sha wahala tun yanzu.